Me Rasha ke nema a gaɓar Bahar Maliya?

Ɗalibai sun yawaita tambayarmu a kan labarin da ke tasowa lokaci zuwa lokaci, cewa Rasha za ta kafa sansanin sojan ruwa a Port Sudan. Masu murna suna murna don sun gaji da Turawan Yamma, masu tsoro kuma suna tsoro. Mu dai a ganinmu, kafin murna ko tsoro, ya kamata a san abin da ke kai Rasha bakin tekun mutane, domin tsohuwar magana ce da ta haura shekara 300.

Duk wanda ya buɗe taswira zai ga Rasha ta fi kowace ƙasa faɗi, amma ƙofofinta na fita teku ƙuntatattu ne. Rundunarta ta ruwa a rarrabe take gida huɗu: ta Arewa a Seberomosk, ta tekun Baltik, ta Bahar Aswad, da ta tekun Fasifik a Biladibostok, sai wata ƙarama a tekun Kasfiyan. Ƙanƙara tana takura wasu gaɓoɓin a lokacin hunturu, sauran kuwa sai an ratsa ta mashigin da ke hannun wata ƙasa. Idan yaƙi ya ci ɗaya, sauran ba su iya kai mata ɗauki da wuri. An ga haka a 1905, lokacin da jiragen Baltik suka shafe wata bakwai suna tafiya, manyansu suka kewaya Afirka, har suka tsaya shan kwal a Dakar, amma da isarsu Tsushima sai Jafan ta ragargaza su cikin kwana biyu.

Abin da ya fi shafarmu shi ne, rundunar nan a kan ƙasashen Musulmi ta fara koyon tafiya. A 1696 Sarki Bitrus Babba ya ƙera jirage ya ƙwace garin Azob daga Daular Usmaniyya (muna nufin ta Turkiyya, ba ta Shehu ba, don kada ƙananan ɗalibai su rikice). A 1770 jiragen Rasha suka taso daga Baltik, suka kewaya Turai, suka ƙone jiragen Sarkin Musulmi a Ceshme. Sulhun da aka yi a 1774 ya raba Kirimiya da Istanbul, aka bar wa Sarkin Musulmi jagorancin addini kawai a kan Musulmin Tatar, wato suna ba iko. Shekara tara bayan nan, a 1783, Sarauniya Katarina ta haɗiye Kirimiya gaba ɗaya, aka kafa tashar Sebastofol. Jikokin waɗannan Tatar ɗin ne Stalin ya kwashe a 1944 ya watsa a tsakiyar Asiya. Muna kawo wannan ne saboda masu cewa Rasha ba ta taɓa yin mulkin mallaka ba. A Afirka ba ta yi ba, gaskiya ne, amma a je a tambayi mutanen Kirimiya da na Kaukasus.

Duk da haka mabuɗin Bahar Aswad bai taɓa shiga hannunta ba. Yarjejeniyar Montro ta 1936 ta ba Turkiyya iko da mashigin Bosforus da na Dardanel, kuma a Fabrairun 2022 ta rufe su ga jiragen yaƙin masu faɗa da juna. Shi ya sa da Yukren ta nutsar da babban jirgin nan Moskva a Afrilun shekarar, Rasha ba ta iya kawo madadinsa daga wata rundunar ba. Ƙasar da kusan ba ta da sojan ruwa, da makamai masu linzami da ƙananan kwale-kwale marasa matuƙa, ta sa Rasha janye jirage da yawa daga Sebastofol zuwa Noborosisk. Rikicin wannan teku kuwa ya shigo har kasuwanninmu, don duk wanda ya sayi burodi ko takin zamani a waccan shekara ya ji a jikinsa. A Baltik ma al'amarin ya ƙara tsuke mata tun da Finlan ta shiga NATO a 2023, Suwidin ta bi ta a 2024.

Kada wani ya fahimci cewa rundunar ta mutu. Jirginta ɗaya tilo mai ɗaukar jiragen sama ya daɗe a wurin gyara, amma ƙarfinta na gaske yana ƙarƙashin ruwa, a jirage masu nutso da ke ɗauke da makaman nukiliya. Kuma a Oktoban 2015 ƙananan jirage ne daga Kasfiyan suka harba makamai 26 da suka ratsa samaniyar Iran da Iraƙi suka sauka a Siriya.

Mai ƙarfi irin wannan, wanda ƙofofin gidansa ke hannun wasu, dole ya nemi masauki a waje, inda zai sha mai ya yi gyara. A zamanin Admiral Gorshkob, wanda ya jagoranci sojan ruwan Sobiyet daga 1956 zuwa 1985, sun sami masauki a Iskandariyya, da Tartus ta Siriya, da Barbara ta Somaliya. Sadat ya sallame su daga Masar. A Somaliya kuwa, da yaƙin Ogaden ya tashi a 1977, sai suka koma bayan Habasha, Siyad Barre ya kore su, suka tare a tsibiran Dahlak. Tartus ce ta rage, har aka sabunta yarjejeniyarta a 2017 na shekara 49, sai ga Asad ya faɗi a Disambar 2024, aka koma ciniki da mutanen da jiragen Rasha suka yi shekaru suna yi wa ruwan bama-bamai. A duk waɗannan wurare da mai mulki aka ƙulla, ba da jama'a ba, kuma da mai mulki ya sauya ra'ayi ko ya faɗi sai lissafi ya rikice.

Haka maganar Sudan ta faro. Umar al-Bashir ne ya buɗe ƙofar a ziyararsa ta Soci a 2017, yana neman kariya daga Amurka. Daftarin da Mosko ta fitar a ƙarshen 2020 ya ambaci shekara 25, da ma'aikata har 300, da jirage huɗu a lokaci guda, har da masu amfani da makamashin nukiliya. Hafsoshin Sudan sun sha cewa sai majalisa ta amince, kuma majalisar ba ta samu ba har yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023.

Mun fahimci halin da hukumar Sudan take ciki, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma Port Sudan tana kallon Jidda ne a ƙetaren ruwa, tsakaninsu kimanin kilomita 300, kuma kusa da ita Sawakin take, inda kakanninmu masu tafiya hajji a ƙasa suke shiga jirgi, inda har yau 'yan uwanmu Hausawa suke zaune. Jibuti ta riga ta cika da sansanonin Amurka da Faransa da Sin da Jafan. Ƙarin sansanin wata babbar ƙasa a wannan gaɓa yana nufin duk ranar da ta yi faɗa da abokan gabarta, hanyar alhazai da ta abinci za ta shiga cikin taswirar yaƙinsu. Wannan hukunci namu ɗaya ne ko tutar Rasha ce za a kafa ko ta Amurka. Alkawarin shekara 25 zai ɗaure yaran da ba a haifa ba tukuna, don haka muna ganin kamata ya yi a jingine shi sai bindiga ta yi shiru, mutanen Sudan sun zaɓi wakilansu, an karanta musu sharuɗɗan a fili.