Sabon Takalmi Ba Guzurin Matafiyi Ba Ne

Da zarar an fara kiran maniyyata bita, sai hidimar sayayya ta tashi a gidajen Birnin Kudu da Gwaram. A shiga mota tun da asuba a nufi Kano, a biya Kantin Kwari a yanki shadda, a gangara Ƙofar Wambai ko Sabon Gari a zaɓi takalmi. Takalmin nan kuwa ba ya taka ƙasa. Yana nan cikin kwalinsa, da takardar da aka cusa masa a baki, sai ranar da aka kira mai shi filin jirgin sama na Dutse. Idan dattijo ya ce a bar shi da wanda ya saba, sai 'ya'ya su taso masa: "Haba Baba, da wannan tsohon takalmin za ka je ƙasa mai tsarki? So kake a ce ba ka haifa ba?"

Ƙauna ce ta sa su faɗi haka, amma ra'ayin da ke ƙarƙashin maganar gurgu ne, kuma ya game gari. Wai babbar tafiya sai sabon takalmi, sabon ma na waje, mai ƙyalli, mai sunan kamfani a gefe. Wanda ƙafa ta saba da shi kuwa, ko ɗinkin baduku, ko na taya, abin kunya ne a idon jama'a. Ba alhazai kaɗai abin ya kama ba. Ɗalibar da za ta tafi jami'a, saurayin da zai tafi bautar ƙasa, 'yan rakiyar amarya, kowa ranar tashi yake buɗe kwali, alhali Hausawa da bakinsu suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙafar ɗan Adam ƙasusuwa 26 ne a haɗe, kuma ba ta zama da girma ɗaya yini guda. Tana buɗewa duk sa'ad da nauyin jiki ya sauka a kanta, tana kumbura da yamma, tana ƙara kumbura da zafi da dogon zama. Wanda ya yi awa 4 ko 5 a kujerar jirgi, ƙafafu a rataye, ba da ƙafar da ya gwada takalmi a shago zai sauka ba. Gwajin ma na yaya? Da safe, a tsaye, taku uku gaba uku baya, mai shago yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai fata ce, za ta saki." Fata tana saki, gaskiya ne, amma sai bayan makonni, kuma kafin ta saki fatar dunduniya ce ke shan wuya. Da yawa daga takalman da ke ƙyalli a kasuwa ma ba fata ba ce, roba ce aka yi wa kamannin fata. Ba ta saki, ba ta shan gumi. Gumi ya jiƙa ƙafa, bakin takalmi ya yi ta goga wuri ɗaya, kafin la'asar bororo ya tashi, kafin washegari ya fashe.

A duba aikin Hajji kansa, domin shi ne tafiyar ƙafa mafi tsanani da yawancin mutanen yankin nan za su taɓa yi bayan sun manyanta. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau 7, wato sama da kilomita 3, ban da ɗawafi, kuma mafi yawa ba takalmi ake yin su, a kan marmara mai tauri. Da wannan gajiyayyiyar ƙafa za a fita Mina. Daga tanti zuwa wurin jifa, ga wanda masaukinsa ke nesa, kilomitoci ne zuwa da dawowa, kwana uku a jere, a kan kwalta, cikin turmutsutsu. In motoci suka cunkushe tsakanin Muzdalifa da Mina, nan ma ƙafa ce mota.

Abin takaicin shi ne, namijin da ke cikin harami ba zai sa sau-ciki ba. Takalmin da aka kashe wa kuɗi mafi yawa yana kwance a jaka a daidai kwanakin da ƙafa ta fi shan aiki. Sai Alhaji ya tsaya bakin hanya ya sayi silifas na wanka, siriri, mai hanci ɗaya, wanda shi ma sabo ne, ya shiga Mina da shi. Silifas irin wannan ba abin da ke riƙe shi sai yatsu, yatsun kuma sai sun yi ta ƙanƙamewa a kowane taku. Wani ya taka shi ta baya cikin cunkoso, hancin ya tsinke, shi ke nan mutum ya koma ƙafa ba takalmi.

A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 ne suka rasu, kashi 83 cikin 100 waɗanda ba su da izinin aikin ne, suka yi doguwar tafiya cikin rana ba inuwa. Zafin rana ne ya yi wannan ɓarna, ba takalmi ba. Amma kwaltar da irin wannan rana ta gasa tana ƙona tafin ƙafa cikin ɗan lokaci, kuma likitocin da ke duba alhazai sun daɗe da sanin irin majinyacin: mai ciwon suga, wanda takalminsa ya ɓace a ƙofar masallaci, ya taka har masauki bai ji komai ba, domin ciwon ya kashe masa jijiyoyin ƙafa. Ƙaramar jakar yadi da zai sa takalminsa ya rataya a kafaɗa ta isa ta hana wannan, kuma ba ta kai kuɗin kwalin sau-cikin ba.

Masana tafiyar ƙafa kuwa suna nan kusa, sai dai ba a tambayarsu. A je kasuwar Sara da ke ƙasar Gwaram ranar da take ci, a tsaya a kara, a dubi ƙafafun makiyayan da suka koro shanu. Wasu na sanye da rufaffen takalmin roba, wasu na taya. A ɗauki ɗaya na tayar a juya shi. Zanen tayar yana nan a ƙasansa, ya ɗan siɗe ta gefen da mai shi ya fi takawa. A sama, madauri biyu sun gitta a bayan ƙafa, na uku ya zagaya dunduniya, an kama su da ƙananan ƙusoshi da aka lanƙwashe. Cikinsa ya yi santsi, ga gurbin babban yatsa, ga kwarmin dunduniya, kamar an zuba ƙafar a ciki. Ƙaya ba ta huda shi, ruwan rafi ba ya lalata shi, in madauri ya saki a gyara a inuwar bishiya. Mai wannan takalmi yakan bi shanu da rani har ƙasar Bauchi da gaba da nan, ya dawo da damina. Bai taɓa tunanin ya sayi sabo ranar da zai tashi ba. Duk da haka shi ake kira baƙauye, mai ɗingishi cikin takalmin kanti kuma wayayye.

Raina aikin gida ma sabon abu ne a ƙasar Hausa. Leo Africanus, wanda ya kammala littafinsa kan Afirka a 1526, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir da ake kai kayansu har Tambutu da Gao. Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Kano a 1851, ya lissafa takalma cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa bayan tufafi, ya ƙiyasta cinikinsu da wuri miliyan 10 a shekara, ana kai su har Arewacin Afirka. Fatar jar akuyar Sakkwato ce ta ƙetare Sahara Turawa suka yi ta kiranta fatar Maroko. Fataken da suka je Gwanja neman goro, da alhazan dauri da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suna hanya, ɗinkin dukawa ne a ƙafarsu. Har yau masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna tura fata Italiya da Sifaniya, a can a mayar da ita takalma da jakunkuna masu tsada, mu kuma a nan mu sayi roba mai kamannin fata muna murna.

A waje ma shaida ba ta goyi bayan sabon takalmi ba. A gasar Olamfik ta 1960 a birnin Rum, Abebe Bikila na Habasha ya gwada sabon takalmin gudu, bai zauna masa ba, ya ajiye shi, ya yi gudun famfalaƙi na kilomita 42 ba takalmi, ya ci zinare. A 2017 María Lorena Ramírez, 'yar ƙabilar Rarámuri a Meziko, ta lashe tseren kilomita 50 na kan tsaunuka a jihar Puebla sanye da siket da takalmin da aka yi da tsohuwar taya. Ba cewa ake kowa ya tuɓe takalmi ba. Dukansu biyu da abin da ƙafarsu ta sani suka shiga fili. A Addis Ababa kuma Bethlehem Tilahun Alemu ta kafa kamfanin soleRebels, ta ɗauki takalmin taya na talakawan ƙasarta ta ƙawata shi, har ana sayar da shi a Turai da Asiya.

Mutumin Birnin Kudu ba ya bukatar zuwa nesa ya ga wannan. Duwatsun garin, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, masu tsofaffin zanen shanu da duwatsu masu amo da Bernard Fagg ya bincika a 1955, suna cikin kayan tarihi na ƙasa. Fuskar dutsen sulɓi gare ta. Baƙon da ya zo da sau-ciki mai santsin ƙasa sai ya dafa da hannu, yana tattare babbar riga, yaron unguwa kuwa ya wuce shi a guje da takalmin roba.

Masu kare sabon takalmi suna da hujja ɗaya mai nauyi, wato mutunci. Bahaushe ba ya son ya fita cikin mutane a wulaƙance, kuma ba wanda zai ce Hajiya ta sauka Madina da takalmin taya. Amma wa ya ce kyau da daɗin tafiya ba sa haɗuwa? Baduku zai sa mutum ya taka kwali, ya zagaye ƙafar da biro, dama daban hagu daban, domin sau da yawa ɗaya ta ɗara ɗaya. Zai yanka fata ta gaske, ya yi mata ado da ɗinki, ya sa madauri a dunduniya, ya shimfiɗa tafi mai kauri da laushi, ƙasansa kuma roba mai kama ƙasa. Irin wannan ya dace da shadda, ya dace da harami in an bar idon sawu a buɗe. Mace kuwa, da ba a hana ta rufe ƙafa ba, kambas mai faɗin baki da safar auduga ba ya rage wa abaya ko hijabi kwarjini, kuma ya fi mata takalmi mai tsini nesa ba kusa ba.

Aikin gida ba shi ne maganin kowace ƙafa ba, wannan ma sai an faɗa. Mai ciwon suga yana bukatar rufaffen takalmi mai laushi, marar ɗinki mai kaifi a ciki, ya riƙa zura hannu yana lalubawa kafin ya sa, yana duba ƙafarsa kowane dare. Ƙaramin gyambo a irin wannan ƙafa yakan kai mutum gadon asibiti, wani lokaci har ga yanke yatsa ko ƙafa, kuma kafin tafiya ya kamata ya je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibitin da ya fi kusa a duba shi. Manomin da ke shiga ciyawa da damina, inda kububuwa ke kwanciya, dogon takalmin roba ne nasa. Kambas na gwanjo kuma, wanda samari ke rububi saboda sunan da ke jikinsa, a yi hattara da shi. Soson da ke cikin tafin irinsa yakan mutu bayan tafiyar kilomita 500 zuwa 800, kuma ya riga ya lanƙwashe da takun wani. Sunan yana nan, laushin ya tafi.

Hukumar jin daɗin alhazai ta Jigawa da malaman bita a Birnin Kudu da Gwaram suna koyar da ɗaura harami, da talbiyya, da yadda za a adana guzuri da fasfo. Su ƙara rabin awa a kan ƙafa. A ce kowane maniyyaci ya zo bita sanye da takalmin da zai shiga Mina da shi, ma'aikacin lafiya ya duba. A faɗa masa ya saye shi wata biyu kafin tashi, da yamma, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Ya riƙa zuwa masallaci da kasuwa da shi, yana ƙara nisa mako bayan mako, ya tanadi na biyu wanda shi ma an taka, da jakar ratayawa, da man shafawa saboda faso. 'Ya'yan da ke son su fita kunyar Baba su kai kuɗin wurin baduku tun watan Azumi, su kuma raka shi tattaki bayan sallar la'asar.