Gasar Waƙa Ko Cinikin Biri a Sama?

Maudu'inmu na wannan mako zai ɗan yi zafi, sai a yi haƙuri da mu.

Duk wanda yake cikin zaurukan marubuta na Facebook da WhatsApp ya saba da wannan saƙo: "Don Allah a taimaka a zaɓe ni, ni ce lamba bakwai." A turo da asuba, a sake turowa bayan Magariba, a bi ka da shi har ta bayan fage. Akwai hoton mai gasa, akwai lambarsa, akwai wurin dannawa. Abu ɗaya ne babu, ita waƙar da aka shiga gasar da ita. Idan ka ce a turo maka ka ji tukuna, sai a ce kai dai ka danna, zumunci ne. Bayan mako biyu a fitar da sakamako, sai zaure ya kaure da ƙorafi: an yi son kai, alƙalai sun ci amana, wance ƙanwar wane ce. Masu murna da masu ƙorafi duk babu wanda zai iya gaya maka abin da baiti na biyu na waƙar da ta ci ya ƙunsa.

Matsayinmu a nan a fili yake. Duk gasar waƙa, rubutacciya ko ta baka, da ba ta baje waƙoƙin a gaban jama'a an saurara an yi sharhi kafin yanke hukunci ba, ba ta ƙara wa adabin Hausa komai. Kuma duk marubucin da ya jefa ƙuri'a a kan waƙar da bai ji ba, ya yi cinikin biri a sama, bai kuma da bakin yin ƙorafi daga baya.

Bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa mu ga yadda suke yi. Estoniya ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, mutanenta duka ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, wato birnin Kano kaɗai ya ninka su. Tun 2009 gidan rediyo da talabijin na ƙasar yake shirya gasar Eesti Laul duk shekara, domin zaɓen waƙar da za ta wakilce su a babbar gasar Eurovision. Abin da ya shafe mu a tsarinsu shi ne, ana sakin waƙoƙin da suka tsallake tantancewa makonni kafin daren ƙarshe. A tsakanin nan 'yan jarida da masu sha'awar waƙa suna bin su ɗaya bayan ɗaya: wannan amshinta ya yi ƙarfi amma baitocinta holoƙo ne, wancan mawaƙin muryarsa ba za ta ɗauki waƙar ba idan ya hau dandali, waccan me ya sa aka yi ta da Ingilishi. Dokar Eurovision ba ta yarda waƙa ta wuce minti uku ba, don haka kowace kalma sai an tambayi abin da ta zo yi. A daren ƙarshe alƙalai suna bayyana makinsu a gaban kowa, a haɗa da ƙuri'ar jama'a a fitar da uku, sannan jama'a su zaɓi ɗaya.

Lura da kyau, su ma suna jefa ƙuri'a. Ashe ba ƙuri'a ce cutar ba. Bambancin shi ne mai jefa ƙuri'ar can ya yi makonni yana sauraro, ya karanta masu yabo da masu suka. Kuma muhawarar tana da amfani ga harshensu. Waƙar da ta ci a 2009, mai suna Rändajad, da harshen Estoniya aka yi ta, ta je Mosko ta zo ta shida a Turai baki ɗaya. A 2012 ma wata waƙar da harshensu, Kuula, ta sake zuwa ta shida. Mutanen da masu jin yarensu ba su kai na ƙananan hukumomin cikin birnin Kano ba suna zama su yi gardama a kan kalmomin waƙa, mu da muke da masu jin Hausa miliyoyi daga Kano har Agadas da Kumasi muna rabon lambobi.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. A Nijar akwai gasar Ɗan Gurmu ta kiɗa da waƙa, wadda aka fara a 1987 aka sa mata sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa. Mawaƙa daga jihohin ƙasar suna hawa dandali su yi abinsu a gaban jama'a da alƙalai. Nan gida kuma, ba don muna haɗa darajar abin da waƙa ba, sai don tsarin, dubi musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta faro a 1986. Mai karatu yana karantawa a bainar jama'a, idan ya yi tuntuɓe alƙali ya tsayar da shi nan take, kuma duk wanda yake riƙe da Mus'hafi a wurin zai iya bi ya gani ko tsayarwar tana bisa ƙa'ida. A fagen rubutacciyar waƙa ma, a shekarun 1970 Kano tana da ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin, inda marubuta waƙa suke haɗuwa suna karanta wa juna, waƙoƙin kuma su fita ta gidan rediyo kowa ya ji. Ko gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, abin da ya sa take da ƙima shi ne ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo, mai sauraro ya auna da kunnensa. Ɓoye aiki a baje hoto sabon abu ne, wayar hannu ce ta kawo shi.

Abin takaicin ya fi yawa a gare mu mazauna wannan yanki. Daga Darmanawa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi zuwa titin Gidan Zu tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita sahu, kuma nan ne situdiyoyin waƙa da ofisoshin 'yan fim suka yi dandazo. A Tarauni kuma ga kasuwar waya ta Fam Santa, inda ake tura wa mutane sababbin waƙoƙi a wayoyinsu kullum. Wato a unguwanninmu ake buga waƙa, a unguwanninmu ake rarraba ta. Abin da babu shi ne wanda zai zauna ya feɗe ta. Yaro zai tara kuɗin da ya samu a ɗinki ko gyaran waya, ya biya mai fiyano, a gyara masa murya da kwamfuta, ya shiga gasa, ya faɗi, ya koma gida bai san dalili ba. Shekara mai zuwa zai sake tara kuɗi ya maimaita kuskuren nan dai. Wannan asara ce ta kuɗi da ta baiwa, kuma shirun da marubuta suka yi yana cikin abin da ya jawo ta.

To mene ne sharhin da muke nufi? Ba "Masha Allah, basira ta ƙaru" ba ne, ba kuma "wannan shirme ne" ba. Kayan aikin suna nan, malamanmu na Jami'ar Bayero sun riga sun share hanya. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Ba sai ka yi digiri ba kafin ka yi wa waƙa tambayoyin farko. Mene ne jigonta, kuma ta tsaya a kansa ko ta fara da zaman lafiya ta ƙare da kirarin wanda ya sa kuɗin gasar? Wane zubi aka yi mata, ƙwar biyu ce, ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, kuma an riƙe shi har ƙarshe? Karinta yana tafiya daidai, ko sai mai rerawa ya ja wani wasali ya haɗiye wani kafin ɗango ya zauna? Amsa-amon ya zo da ma'ana ko an jawo shi da ƙarfi? Kowa ya san waƙoƙin da suke jera zuciya, gaskiya, duniya da lafiya a ƙarshen ɗango don kawai sun ƙare da sauti ɗaya, alhali babu abin da ya haɗa ɗangon farko da na biyu. Idan waƙar baka ce, cire kiɗan ka rubuta kalmomin a takarda ka karanta. Idan sun tsaya da ƙafarsu, waƙa ce. Idan sun zube, mai fiyano ne ya cancanci kyautar.

Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi a kan waƙoƙi goma na gasa ɗaya ya koyi abin da ba zai koya ba a shekara guda ta tura saƙon a zaɓe ni. Shi ya sa muke cewa mai sharhi ne ya fi kowa cin riba, ko da bai shiga gasar ba.

Mun san abin da za a ce, bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Za a ce idan aka saki waƙoƙi kafin sakamako za a sace su. A'a, waƙar da aka wallafa a fili da kwanan wata, mutum ɗari suka karanta, ta fi wuyar sata a kan wadda take kwance a wayar wani mai shirya gasa da ba a san ko wane ne ba. Kuma baje kolin ne yake tona asirin ɓarawo. Wanda ya kwaso baitocin Aƙilu Aliyu ko na Mu'azu Haɗeja ya sauya kalma biyu zai iya wuce alƙali ɗaya, ba zai wuce zaure guda na masu karatu ba.

Za a ce sharhin jama'a zai rinjayi alƙalai. Alƙalin da tsokacin Facebook zai juya masa tunani tun farko bai cancanci kujerar ba. Wanda ya san aikinsa ƙaruwa zai yi, domin wani zai hango masa karyewar kari da ta wuce shi. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Za a ce za a karya wa sababbi gwiwa, musamman mata da ƙananan yara. Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma gaskiya ne akwai masu fakewa da sharhi su ci mutunci. Maganinta ƙa'ida, ba ɓoyewa ba. A cire sunaye a sa lambobi. A ce duk mai suka sai ya nuna baitin da yake magana a kai, ya faɗi dalili, ya kuma faɗi abin da waƙar ta yi daidai. Wanda ya taɓa mutum ya bar waƙa, shugabannin zaure su goge maganarsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da yake kashe sabon marubuci da gaske shi ne a yi ta yabonsa shekara uku, ranar da ya kai aikinsa gaban wanda bai san shi ba a watsar.

Za a ce masu shirya gasa da kuɗinsu suke yi, suna da ikon tsara ta yadda suka so. Haka ne. Mu ma muna da ikon kiran abu da sunansa. Gasar da ake cinta da yawan dannawa, manufarta tara wa shafin mai shiryawa mabiya, kuma 'yan takara ne suke yi masa tallan kyauta da datarsu da mutuncinsu. Wanda ya fi yawan dangi da ƙawaye shi ne zakara. Wannan ƙidayar jama'a ce, a daina kiranta gasar adabi.

Ga abin da muke kira a kai, daga wannan zaure za a fara. Duk wanda zai kawo mana sanarwar gasa, ya zo da waƙoƙin ko ya faɗi inda za a same su, a ba mu aƙalla mako biyu kafin sakamako. Duk wanda ya turo roƙon ƙuri'a ba tare da waƙa ba, a tambaye shi waƙar cikin ladabi, idan babu a wuce. Masu shiryawa su sanar da alƙalai da ma'aunin da za a bi tun kafin a fara, bayan sakamako kuma su fitar da maki da dalili ko da layi uku ne ga kowace waƙa. Mu kuma da muke kusa da juna a Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, babu abin da zai hana mutum biyar su zauna bayan La'asar ranar Asabar da waya ɗaya da littafi ɗaya, su saurari waƙoƙi biyar, kowa ya rubuta rabin shafi, a kawo nan a tattauna. Ba ya buƙatar ɗakin taro ko babban baƙo.

Wanda yake ganin ɓoye waƙoƙi har ranar sakamako ya fi alheri, ga fili nan, ya kawo hujjarsa, za mu karanta har ƙarshe. Amma wanda zai zo da lamba, ya taho da waƙar.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya ba mu juriyar jin gyara. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.