Ina Alƙawarin Naira 390?

Shirin intanet na ƙasa, 2020 zuwa 2025, ya sa burin kada gigabait ɗaya ya wuce naira 390. Sai ga shi a Janairun 2025 NCC ta ba kamfanoni damar ƙara kuɗin data da kashi 50. To ɗalibin Kademi mai cike fom ɗin JAMB, da manomin da ke bin farashin gero a Dawanau, yaya za su yi? 'Yan uwa ɗalibai, asusun USPF don ƙauyuka aka kafa shi. Mu matsa wa ɗan majalisarmu na Gaya, Ajingi da Albasu ya nemo mana kasonmu. In mun yi shiru, wallahi wasu za a ba.