Babur a Tenere: A Bi Ja-gora

Matasan da ke hawa babur daga Agadas su kwana a daji, tsakanin duwatsun Abzin da rairayin Tenere, sukan ɗauka gudu shi ne gwaninta. A ganina duk tafiyar a hannun ja-gora take. Shi ke tashin mutane da asuba, sanyi na ratsa ƙashi, ya sa a rage iskar taya don kada babur ya kafe a yashi. Idan rana ta take, shi ya san inda inuwa da rijiya suke. Da yamma ya binne tagella, gurasar Abzinawa, cikin yashi da garwashi, ya tono ta ya kakkaɓe toka, shayi na tafasa har zagaye uku. Hamada ba ta san jarumi ba: Thierry Sabine da ya kafa tseren Paris-Dakar, a kan babur ya ɓata cikin Sahara a 1977, da ƙyar aka ceto shi. Yankin Abzin da Tenere kuma yana cikin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1991, amma wasu na watsar da gwangwani da leda inda suka yada zango, abin takaici. Don Allah mai niyyar zuwa ya ɗauki ɗan gari, ya biya shi haƙƙinsa cikakke, ya kwashe shararsa.