Tafadek: mu je wanka, amma kar mu bar magani a gida



Bara na raka kawuna zuwa Tafadek, ƙauyen nan mai maɓulɓular ruwan zafi a duwatsun Ayar, kimanin kilomita 80 arewa da Agadas. Daga Tasawa muka bi Damagaram, Tanut, Adarbisinat, sannan Agadas. Tafiya ce mai cin jiki da aljihu. Amma wallahi wurin ya cancanci a gan shi. Ruwa na fitowa daga ƙasa da zafinsa, babu itace babu gawayi. Tun kaka da kakanni Buzaye da Hausawa ke zuwa can neman sauƙin sanyin ƙashi da ciwon fata. Kawu ya kwana shida yana shiga, gwiwarsa ta saki, har ya yi sallah a tsaye.

Abin da ya dame ni daban ne. Na zauna da wani dattijo mai hawan jini, tansiyo kamar yadda muke cewa, wanda ya baro ƙwayoyinsa gida, wai ruwan ya isa. Kai jama'a! Ruwan zafi yana buɗe jijiyoyin jini, yana sa jiri, mai ciwon zuciya na iya faɗuwa a ciki. Yana sassauta gaɓoɓi, gaskiya ne, amma ba ya warkar da hawan jini ko ciwon suga.

A lakwal an koya mana Vishi ta Faransa saboda gwamnatin 1940, alhali tun kafin nan garin wankan ruwan ɗumi ne. A can likita ne ke rubuta wa mutum zuwa, ya yi kwana 18 ana duba shi. Ruwan Wiki na Yankari a Bauchi ma baƙi yake jawowa.

Ra'ayina ke nan: duk mai shirin kai tsohonsa Tafadek ya fara biyawa ta likita a auna shi, ya tafi da maganinsa, ya sha ruwa sosai, kar ya daɗe a ciki. Hukumomi kuma su tabbatar akwai ma'aikacin lafiya kusa da ruwan a kowane lokaci.

Wa ya taɓa zuwa cikinku? Ku faɗa mana abin da kuka gani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.