An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Wata ranar Asabar da hantsi, a wani ɗan fili da ke bayan kasuwar garin nan da neman ilmi ya kawo mu, na ga an kori wani yaro daga wurin koyon damben zamani. Yaron ɗan unguwar Sabo ne, shekarunsa ba su wuce 19 ba, kuma duk wanda ya taɓa ganinsa gaban buhun naushi ya san Allah ya ba shi hannu. Laifinsa ɗaya ne: wani ya kai tsegumi cewa an gan shi da yamma yana ɗaga ƙarfe, irin sandar nan da samari kan kafa wa gwangwanaye biyu cike da siminti. Mai horarwar, wani dattijo da ya yi dambe a zamaninsa, ya tsayar da shi gaban 'yan'uwansa ya ce, "Ka zaɓi ɗaya, ko safar dambe ko ƙarfe. Ni ba na horar da gunki." Yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ƙarfi nake nema." Baba ya ce ƙarfin da yake samu a kasuwa ya ishe shi.

To, a kan wannan magana ta ƙarshe nake so mai karatu ya ɗan dakata. Sana'ar yaron nan dako ce. Tun asuba yake sauke buhunan shinkafa masu kilo 50 daga tirela, ya saɓa a kafaɗa, ya bi katako ya sauko, kuma dattijon ya sha yaba wannan aiki gaban sauran yara, yana cewa shi ne ya gina masa baya da ƙafa. Watau kilo 50 na shinkafa magani ne, kilo 50 na siminti kuwa guba! In akwai wanda zai iya bayyana mini yadda tsokar ɗan Adam take rarrabe shinkafa da siminti, ga kunnena.

Ban kawo wannan labari don in ci mutuncin dattijo ba, domin abin da ya faɗa gadonsa ya yi, kuma daga manya. Shekaru aru-aru masu horar da 'yan dambe a Amurka da Ingila suna cewa ƙarfe yana ɗaure tsoka, yana kashe zafin nama, yana sa mutum haki tun dambe bai yi nisa ba. Angelo Dundee, wanda ya horar da Muhammad Ali, yana cikin masu wannan ra'ayi, kuma wa zai buɗe baki ya ce Ali bai iya dambe ba? Sai dai kasancewar magana ta fito daga bakin babba bai hana a ɗora ta a sikeli ba. An kuwa ɗora, tun kafin a haifi yawancin masu maimaita ta a yau.

A shekarar 1940, a kwalejin Springfield ta Amurka, akwai wani shehun malami masanin aikin jiki mai suna Peter Karpovich, wanda shi ma ya yi imani cewa masu ɗaga ƙarfe jikinsu a sandare yake. Da aka kawo wasu gwanayen ƙarfe su yi nuni gaban ɗalibai, sai ya tashi don ya kunyata su, ya ce wa John Grimek ya sosa tsakiyar bayansa in ya isa. Grimek ya sosa da hannun dama, ya sosa da na hagu, sannan ya ware ƙafafu ya zauna daɓas a ƙasa. Abokinsa John Davis kuwa ya yi alkafura da baya, riƙe da ƙarfe a kowane hannu. Abin da ya burge ni da Karpovich shi ne bai tsaya gardama ba. Ya nemi gafara, ya koma ɗakin bincike, kuma a 1951 shi da ɗalibinsa Zorbas suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa ɗaruruwan mutane, inda suka tarar masu ɗaga ƙarfe sun fi waɗanda ba sa ɗagawa saurin juya hannu. Yau fiye da shekara 70 ke nan, amma har yanzu ana korar yara a kan zancen da mai shi ya janye da bakinsa.

Tushen ruɗanin, a ganina, shi ne yawancinmu mun ɗauka a damtse naushi yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin damben gargajiya da kaka ya san ba haka ba ne. Dubi yadda ɗan dambe yake kafa ƙafar baya, ya tanƙwara gwiwa, ya miƙa hannun garkuwa, hannun da aka naɗe da zare kuwa yana can baya yana jira. In kisa ya zo, daga ƙasa yake tasowa, ya bi ta cinya, ƙugu ya murɗa shi, kafaɗa ta miƙa shi, hannu dai ɗan aike ne. Masu bincike a Tarayyar Sobiyet, Filimonov da abokansa, sun auna wannan a wani aiki da ya fito a 1985, suka ce a wurin ƙwararrun 'yan dambe kusan kashi 38 cikin ɗari na ƙarfin naushi daga turin ƙafa yake, wajen kashi 37 daga murɗawar gangar jiki, hannu kuwa kashi 24 kacal. To, in har ƙafa da ƙugu ne ke ɗauke da kashi uku cikin huɗu na aikin, da wace hujja za a hana yaro durƙuso da ƙarfe a kafaɗa, alhali ba abin da ya kai shi ƙarfafa waɗannan gaɓoɓi?

Abin dariyar ma shi ne, magabatan da ake kafa hujja da su ba su taɓa barin neman ƙarfi ba, suna kawai suka sake masa. Ali ya sha faskare a sansaninsa na Deer Lake. George Foreman, wanda ya sake cin kambun duniya a 1994 yana da shekara 45, gatari ya riƙa, har mota ya riƙa ja da igiya. A wajenmu kuwa ba banza ba dambe ya zama gadon mahauta: mutumin da ya tashi yana kayar da bijimi, yana fiɗa, yana saɓa cinyar sa a kafaɗa, ya riga ya yi shekaru yana ɗaga nauyi tun kafin makaɗi ya san sunansa. Bambancin gatari da sandar ƙarfe guda ne tak, ita sanda ana iya auna ta, a ƙara kilo biyu a wannan mako, a rage in dambe ya matso. Gungumen itace kuwa yadda ya zo haka za ka karɓe shi.

Ga kuma waɗanda suka karya dokar a fili. Randolph Turpin na Ingila an san shi da ɗaga ƙarfe a lokacin da ake ganin abin kamar saɓo, kuma a watan Yuli na 1951 ya doke Sugar Ray Robinson a Landan, mutumin da sau ɗaya tak aka taɓa cin sa a karawa sama da 130. Gaskiya ne Robinson ya rama bayan kwana 64, amma ba wanda ya kalli turmi 15 ɗin nan na farko ya ce Turpin gunki ne. A 1985 Michael Spinks, zakaran ajin kilo 79, ya ce zai hau babban aji ya tunkari Larry Holmes, wanda ya yi dambe 48 ba a taɓa cin sa ba. Mai kula da jikinsa, Mackie Shilstone, ya ɗora shi kan ƙarfe da gajeren gudu mai tsanani da abinci a ƙididdige, tsofaffin masu horo suna ta yi musu dariya. Spinks ya hau sikeli da wajen kilo 91, ya yi turmi 15 yana zille wa Holmes yana ɗirka masa, ya karɓe kambu. Kafin shi ba wani mai riƙe da kambun wancan aji da ya taɓa yin haka. Evander Holyfield ma ƙarfe ne ya haura da shi babban aji. Da kilo 94 ya kwantar da Buster Douglas mai kilo 111 a turmi na uku a 1990, kuma a 1996 sai a turmi na 11 ya gama da Mike Tyson. Ina hakin da aka ce zai kama shi?

Duk da haka ruwa ba ya tsami banza, kuma ba zan yi wa dattawa ƙwauron gaskiyarsu ba. Akwai abin da suka gani da idonsu. Frank Bruno, mai jiki kamar an sassaƙa, yana gaba da maki a 1984 lokacin da James Smith ya kwantar da shi a turmi na goma, na ƙarshe. Bayan shekara biyu Tim Witherspoon, mai tumbi da taushin jiki, ya jira shi har ya gaji, ya gama da shi a turmi na 11. Dalilin a fili yake. Kowane kilo na tsoka da ka ƙara, baƙo ne da zai riƙa neman jini da iska daga zuciya da huhun da ba su ƙara girma ba, kuma damben kambu a yau turmi 12 ne, kowane minti uku. Ga wanda ke ƙaramin aji abin ya fi muni, don kilo biyu na ado sun isa su tura shi ajin waɗanda suka fi shi tsawo da ƙashi.

A nan ne ake barin jaki ana dukan taiki. Ɗaga ƙarfe iri-iri ne. Akwai na mai neman cika riga, wanda zai ɗauki matsakaicin nauyi ya yi ta nanatawa sau goma ko sha biyu, damtse yau, ƙirji gobe, har tsoka ta kumbura, ya bi da tulin abinci, ya je gaban madubi. Akwai kuma na mai neman ƙarfi da sauri, wanda zai ɗauki nauyi mai yawa sau uku zuwa biyar ya huta sosai, ko ya ɗauki mara yawa ya cilla shi da zafin nama. Wannan na biyu jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ya fi horarwa, su koyi tayar da tsoka gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma in an kula da ci, sikeli ba ya motsawa sosai. Sau biyu a mako ya wadatar, a kan ƙafa da baya da ƙugu da wuya, a kuma sassauta in ranar karawa ta kusa. Na farkon shi ne ya cancanci bulalar Baba. Haɗa su biyun a yi musu hukunci ɗaya daidai yake da hana mara lafiya kowane irin magani don wani ya taɓa shan wanda ba nasa ba.

Na san za a jefo mini Anthony Joshua, ɗan asalin Shagamu, tunda kowa ya ga yadda Andy Ruiz mai teɓa ya tsayar da shi a turmi na bakwai a watan Yuni na 2019, kuma kowa ya ga ya rage wajen kilo biyar kafin ya rama a Saudiyya a watan Disamba. Na yarda nauyin ado ya yi masa yawa. Amma masu wannan hujja sukan manta cewa naushin da ya sauka a gefen kansa a turmi na uku shi ne ya rikita shi, kuma a karo na biyu Ruiz ya zo da ƙarin kilo bakwai na kitse, ya kuma faɗa da bakinsa cewa bai yi horo yadda ya kamata ba. Abin da Joshua ya gyara shi ne yawan naman da yake ɗauke da shi da kuma salon dambensa. Kilo 107 ɗin da ya hau sikeli da su a Saudiyya ba na rago ba ne.

Kada kuma samarin da ke jin daɗin maganata su ɗauka na ce ƙarfe yana sayar da naushi. Thomas Hearns siriri ne kamar sillen kara, Deontay Wilder kuwa ƙafafunsa kamar na zalɓe, amma kowannensu in damansa ya sauka sai a nemo ruwa. Sanin tazara da sanin lokacin sakin hannu, a gaban abokin gwaji ake koyonsu, kuma duk ranar da ƙarfe ya cinye lokacin buhu da tsallen igiya da gudun asuba, to bara ya hau kujerar maigida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haramcin nan bai taɓa raba yaro ko ɗaya da ƙarfe ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya raba shi da mai sa masa ido. Saurayi ɗan shekara 19 da ke ganin ana ture shi cikin fili zai nemi ƙarfi ko an yarda ko ba a yarda ba, kuma in mai horarwa ya rufe ƙofa, ta bayan gida a buɗe take. A can malamansa su ne masu cika riga, waɗanda ba su san turmi ba balle juriya, kuma a can ne wani zai raɗa masa cewa akwai ƙwaya ko allura mai kumbura tsoka cikin wata biyu, ba tare da ya gaya masa abin da take yi wa hanta da zuciya ba. Da Baba ya ajiye sandar nan a gefen filinsa, ya ce ranar Litinin da Alhamis, durƙuso kaza, ɗauka daga ƙasa kaza, ba ƙari, da yaron yana hannunsa har yau.

Na sake ganinsa bayan kamar shekara guda, a bakin tasha. Ya bar dambe. Ƙirjinsa ya yi faɗin faifai, hannuwansa sun ƙi kwanciya a jikinsa, yana tafe yana buɗawa kamar mai ɗauke da tulu biyu a hammata. Muka gaisa, na tambaye shi ko yana ɗan taɓa buhu, ya yi dariya ya ce ko bene hawa biyu ya hau sai ya tsaya ya huta. Na tabbata in Baba ya gan shi a haka zai kira yaransa ya nuna musu shi, ya ce, "Kun gani ko? Ai na faɗa."