Karta Tsakanin Abokai, Da Hukuncinta A Amurka

Jama'a su sani, a ƙasar Amurka babu doka guda ɗaya bisa kartar da abokai ke yi a gida da ɗan kuɗi a tsakani. Jihohi 50 ne, kowace da tata, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ya halatta ga mutum a garinsu, in ya ƙetare iyaka yana iya jawo masa tara.

Jihar Yuta ta hana caca ɗungum, ko ta sisin kwabo ce a cikin ɗaki. Hawai ba ta yarda da gidan caca ba, amma ta ƙyale ta abokai. Fulorida ta yarda a yi a mazaunin mutum, muddin abin da za a ci a zubi guda bai wuce dala 10 ba, masu wasan sun kai shekara 18, kuma ba a karɓi kuɗin shiga ba. Wanda aka ci bashi a wurin kuwa, kotu ba ta tilasta masa biya.

Teksas ta kafa sharaɗi uku: a yi a keɓaɓɓen wuri, kada kowa ya sami wani amfani sai abin da ya ci da hannunsa, sa'an nan ci da faɗuwa su zama daidai ga kowa. Watau abin da doka ke nema shi ne mai cin la'ada. Da zarar mai gida ya yanki wani abu daga kuɗin da aka zuba, wasa ya zama sana'a.

Nan rigima ta taso. Waɗansu suka buɗe gidajen karta a Teksas, ba su taɓa kuɗin wasa, sai dai su karɓi kuɗin rajista da na zama bisa kujera. Birnin Dalas ya ba gidan Texas Card House izni a 2020, daga baya ya janye, har magana ta kai kotu a 2022. Masu gidan suka ce ba su ci la'ada ba. Hukumar birni ta ce kuɗin kujera ma ai amfani ne.

Saboda haka mai tara abokai lalle ya san dokar jiharsa, ya san ta garinsu, kada kuma ya karɓi ko anini don ya ba da wuri.